Nomau a Ƙofar Majalisa

A garinmu Kanyar Tudu, gidan Nomau ne na ƙarshe in ka nufi rafi. A ciki akwai mahaifiyarsa Inna Yalwa, wadda idonta ya yi rauni amma kunnenta garau, da matarsa Tasalla mai ƙuli-ƙuli, da 'ya'yansu mata, da wani tsohon jaki da ba ya jin maganar kowa sai ta maigidan. Shi Nomau ƙato ne, in ya tsaya a ƙofar zaure ko iska da ƙyar take wucewa. Ga ƙarfin noma, ga haƙuri, ba a taɓa jin ya zagi kowa ba. Aibinsa ɗaya ne: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Bai san ana faɗin magana a nufi wata ba.

Tasalla ta taɓa ce masa za ta shiga maƙwabta, ya sa mata ido a kan kazarta mai kwanci kada muzuru ya zo. Ta dawo ta same shi rub da ciki a bakin akurki, ya manna ido a bayan kaza, kazar kuwa ta sassare masa goshi.

Ya ce, "Ido ɗaya na sa mata. Ɗayan na bar shi yana duban muzuru."

Tun daga ranar take auna magana kafin ta faɗa masa.

To, damuwar garinmu rafi ce. Da rani yashi ne, akuya ma ta ƙetare. Da damina kuwa in ya kawo, an raba mu da kwalta, da kasuwa, da asibiti. Bara waccan ruwa ya ci 'yan mata biyu suna dawowa daga talla. Wakilinmu ya yi alkawarin kai maganar gada Majalisar Dokoki ta jiha, muka yi ta saurare shiru. Wani yammaci a dandali, Mai unguwa Barau ya buga sanda a ƙasa don takaici, ya ce, "An ce majalisar nan tana da bene, kowane talaka yana iya hawa ya ga abin da ake yi. Wani ya je ya zauna musu a can mana, kada ya dawo sai an yi maganar gadarmu!"

Kowa ya san huce haushi yake yi. Ban da Nomau. Da gari ya waye ya ɗaura ƙunshin ƙuli-ƙuli, ya durƙusa gaban Inna Yalwa ta sa masa albarka, ya shiga motar birni, ya sauka gidan yayarsa Kande da ke aure a can.

Wata rana, ranar da ya fara zuwa, ya isa ƙofar majalisa da 'yar shararsa ta gona da silifas. Mai kula da ƙofofi da tsarin wurin wani tsohon soja ne, Sajan Haladu. Ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Bawan Allah, wurin nan na kowa ne, amma yana da doka. Ba a shiga da kayan gona. Je ka zo da manyan kaya."

Washegari da hantsi sai ga Nomau tafe, katifar Kande a ka, turminta a kafaɗa, ya kuma rungumo randa. Ya sauke su a gaban masu gadi yana share gumi.

Ya ce, "Yallaɓai, su ne mafi girma a gidan. Akwai gado, amma ya ƙi fita ta ƙofa."

Kafin Sajan ya sami abin cewa sai ga Kande a guje da taɓarya a hannu tana neman turminta. Sajan Haladu ya yi dariya har ya dafa bango. Da ya natsu ya shiga ofishinsa ya ɗauko wata tsohuwar babbar riga da hula da yake ajiyewa don Juma'a, ya sa wa Nomau da hannunsa. Rigar ta tsaya masa a gwiwa. Nomau ya yi ta shafa ta yana godiya, har Sajan ya ce ya isa.

Wata rana aka hau da shi bene. Daga can ana hango zauren duka: kujerun 'yan majalisa a jere, da wata babbar kujera a sama, da teburin da ake ɗora sandar majalisa. Sajan Haladu ya raɗa masa, "In Kakaki ya shigo kowa miƙewa yake yi. Ka ji?"

"Na ji, Yallaɓai."

Can aka buɗe ƙofa, aka shigo da sanda a kafaɗa, wani dattijo cikin farar riga yana biye. Zaure ya miƙe, bene ya miƙe. Nomau yana zaune daram, ya miƙa wuya yana leƙen ƙofa. Dattijon ya ɗaga kai ya hango ƙato ɗaya a zaune cikin jama'a. Wani mai gadi ya zo ya zungure shi.

Nomau ya ce da ƙarfi, "Ai kakakin bai iso ba. Ko busa ban ji ba."

Dariya ta ɓarke sama da ƙasa. Shi kansa dattijon sai da ya kare baki da hannun riga. Aka sauko da Nomau, aka ce ranar ba zai koma ba. A waje Sajan ya zaunar da shi ya yi masa bayani, cewa wannan dattijon shi ake kira Kakaki, don shi ne muryar majalisa, ba abin busa na fada ba.

Nomau ya sosa ƙeya, ya ce, "To wa ke busa shi?"

Sajan ya waiga dama da hagu. Ya ce, "Wannan tambayar kada ka sake yin ta a cikin ginin nan. Kuma ka riƙe wannan: in ka hau bene, ban da magana, ban da dariya, ban da tafi."

Wata rana aka yi doguwar muhawara a kan takin zamani. Ba a taɓo gada ba. Kakaki ya buga guduma, majalisa ta tashi, jama'a suka watse, masu shara suka yi aikinsu suka fita. Bayan la'asar Sajan Haladu yana zagayen kulle ƙofofi sai ya ga mutum a bene, zaune shi kaɗai, hannuwa a kan gwiwa.

"Kai, Malam Nomau! Me kake yi a nan har yanzu?"

Nomau ya nuna bakinsa, ya girgiza kai.

"To na yarda, yi magana."

"Yallaɓai, kai ka ce ban da tafi. Na ga kowa ya karya doka, har Kakakin ma ya tafi. Ni dai ban tafi ba. Sai dai ina neman alfarma ɗaya, ban yi salla ba."

Sajan ya tafa hannuwansa a gabansa. "Wannan nake nufi! Wannan!"

"Af. Ai da ka ce ban da buga hannu."

Suka sauka tare. Nomau ya yi alwala ya rama sallolinsa, Sajan ya saya masa shinkafa da wake a bakin ƙofa, ya zauna yana kallonsa yana ci. Can ya tambaye shi abin da ya sa mutum kamarsa ya bar gona ana shirin shuka, ya zo yana zaman bene. Nomau ya ba shi labarin rafi da 'yan matan nan.

Ya ce, "Gidana ne a bakin ruwa, ni aka fara kira. Ni na tsamo su. Ƙaramar tana riƙe da farantinta, ba ta sake shi ba. Sa'ar babbar 'yata ce."

Sajan Haladu ya yi wa yaran addu'a. Ya tura masa sauran ruwan da ke gabansa. Daga ranar ya zama shi ke ajiye masa kujera a bene.

Wata rana Sajan ya kai shi wajen wakilinmu, Onarabul Lawwali. Saurayi ne siriri, sabon shiga, kuma ba mugu ba ne, maganarsa ce ba ta da nauyi a zauren tukuna. Suka same shi a baranda yana jiran a shiga. Da ya ji daga inda Nomau ya fito sai kunya ta kama shi.

Ya ce, "Wallahi, Malam, ban manta ba. Na kai maganar, kullum sai a tura ta ƙarshe. Abin da na rasa goyon baya ne. Da zan sami goyon baya, da tuni an wuce wurin."

Nomau ya ce, "Shi ke nan matsalar, ranka ya daɗe?"

Kafin kowa ya ankara ya juya ya durƙusa, ya sungumi Onarabul ya aza a baya, ya tallafe shi da hannu biyu kamar yadda Tasalla ke yi wa autarta, ya nufi zaure da shi. Takalmin Onarabul ɗaya ya faɗi. Hularsa ta karkace. Ma'aikata suka fito daga ofisoshi suna kallo.

"Sake ni! Na ce sake ni!"

Nomau ya sake shi nan take. Onarabul ya zube a gaban wata 'yar majalisa mai suna Hajiya Rakiya, wadda ta daɗe a gidan, kowa yana jin maganarta. Ta yi dariya har mayafinta ya zame. Da ta nemi jin dalili, Sajan ya gaya mata komai, har da zancen farantin. Dariyar ta tsaya.

Ta ce, "Tashi, Lawwali, kakkaɓe rigarka. Ranar da aka kira maganar ni zan mara maka baya. Ka ga irin nawa goyon ba ya kayar da mutum."

Wata rana, ita ce ranar ƙarshe kafin majalisa ta tafi hutu, aka sa maganar gadarmu a cikin ayyukan ranar, amma ita ce a can ƙarshe. In ba a yi ta ba, sai bayan damina. Kande ta aiko mana, muka cika mota muka zo, har da Mai unguwa Barau. Ni ma ina cikinsu, abin da zan faɗa yanzu rabi na gani da idona daga bene, rabi Sajan Haladu ya ba ni. Bene ya cika maƙil, Nomau ya ba Mai unguwa kujerarsa, ya sauka ya tsaya kusa da Sajan a bakin babbar ƙofar zaure, ta waje, inda doka ta ce baƙo ya tsaya.

Ranar an ɗauke wuta, fankoki suka tsaya, zafi ya yi zafi. Ga shi kuma wani babban mutum yana aurar da 'yarsa bayan azahar, kusan duk 'yan majalisa an gayyace su. Muna kallo daga sama suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan birni da ke kusa da ni ya raɗa min cewa majalisa tana da doka, in waɗanda suka rage ba su kai adadin da aka ƙayyade ba, ba a yanke komai, sai a tashi. Na dubi Onarabul Lawwali, sai juye-juye yake yi a kujera yana duban ƙofa.

Ana cikin haka wani dattijo a bene ya yanke jiki ya faɗi saboda zafi. Aka yi ta kiran Sajan. Ya duba bai ga mai gadi ko ɗaya kusa ba, ga baƙi suna ta kai da kawo a baranda, yana tsoron kada wani ya faɗa zaure. Ya kama hannun Nomau ya ce, "Tsaya nan. Kada kowa ya bi ta ƙofar nan sai na dawo." Ya haura da gudu.

Nomau ya tsaya a tsakiyar ƙofa, ya ware ƙafafu, ya dafa ƙyaure da hannu biyu.

Ba a jima ba sai ga Alhaji Mamuda, shugaban masu rinjaye, mutum mai jiki da murya, ya taso zai fita, 'yan majalisa da dama suna biye da shi. Ya zo ya tarar da bango sanye da gajeriyar babbar riga.

Ya ce, "Kai, matsa."

Nomau ya matso kusa da shi, ƙofar ta ƙara toshewa.

"Ba ni hanya, na ce!"

"Ranka ya daɗe, ba ni da ita. Mu ma hanyar muka zo nema."

Alhaji Mamuda ya ja da baya ya dube shi. "Ka san ko ni wane ne?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe. Amma an ce kada kowa ya wuce, kai ma kuwa kana cikin kowa."

Na bayansa suka fara hayaniya, wani yana kiran 'yan sanda, wani yana neman Sajan. Wani ya gwada tura shi, kamar ya tura kuka. Ɗaya ƙofar zauren kuwa ta Kakaki ce, ba mai bin ta sai shi. Daidai lokacin Kakaki ya kira maganar gadar Kanyar Tudu. Wani ɗan majalisa da ke son a tashi ya miƙe ya ce mutane ba su cika ba. Kakaki ya ce akawu ya duba. Akawu ya bi kujeru, sannan ya dubi cincirindon da ke bakin ƙofa. Duk ƙafafunsu a cikin zaure suke. Ya haɗa da su. Ya ce sun cika, har da ɗori.

Kakaki ya buga guduma ya ce, "A natsu. Waɗanda ke tsaye su koma kujerunsu. Wakilin Kanyar Tudu, muna jin ka."

Onarabul Lawwali ya miƙe. Ya ajiye abin da ya shirya, ya faɗi abin da ya sani: rafin, da masu naƙuda da ake ɗauka a kan ƙyaure a jira ruwa ya janye, da 'yan matan. Ya nuna ƙofa ya ce, "Wancan mutumin da ya tare ku shi ya tsamo su." Hajiya Rakiya ta miƙe ta mara masa baya. Alhaji Mamuda, wanda har lokacin bai zauna ba, ya sake waiwayar Nomau, ya daɗe yana dubansa, sannan ya taka a hankali zuwa kujerarsa. Ya nemi izini ya ce shi ma yana goyon baya, kuma a sa gadar cikin ayyukan bana, ba na baɗi ba. Kakaki ya tambayi zaure. Babu wanda ya ce a'a.

Mu a bene doka ta hana mu ko da motsin kirki. Mai unguwa Barau ya cusa bakin rawaninsa a baki, hawaye na bin gemunsa.

Sajan Haladu ya sauko bayan dattijon ya farfaɗo, ya ga abin da ya faru, ya dafe kai. Ya ce, "Nomau, ka kashe ni. Masu shiga na ce!"

"Ba ka ce ba, Yallaɓai. Yanzu ka dawo, in bar su?"

Da aka tashi Kakaki ya sa aka kira su biyun ofishinsa. Kakaki ya ɗaure fuska ya ce baƙo ya tare 'yan majalisa, wannan babban laifi ne, kuma doka ba ta san sani ko sabo ba. Hukuncin shi ne, Nomau ba zai sake taka ginin ba har ƙarshen wannan zango. Ya dubi kalandar da ke bango. Ya ce tunda zangon yau ya ƙare, a fitar da shi yanzu-yanzu, a sa shi a motar majalisa, kada a sauke shi sai a ƙofar gidansa. Alhaji Mamuda yana gefe yana goge gumi, ya ce shi dai an sa ya rasa ɗaurin aure, amma a gaida Inna.

Haka Nomau ya dawo Kanyar Tudu a gidan gaba na farar mota, mu muna biye a tamu. Inna Yalwa ta ji ƙarar da ba ta saba ji ba, ta fito tana laluben bango. Ya durƙusa ya ce, "Inna, an yi maganar. Shi ya sa na dawo."

Da rani ya kama aka kawo siminti da ƙarfe. Kafin ruwan fari gada ta tsaya. Ranar buɗe ta, Mai unguwa ya kama kafaɗar Nomau a gaban jama'a ya ce, "Gadar nan taka ce." Kowa ya san yabo ne. Ban da Nomau. Har yau kullum da safe yana fitowa da tsintsiya ya share ta, ya shiga ƙarƙashi ya kwashe duk itace da bolar da ruwa ya tara, duk wanda ya hau kuma sai ya yi masa sannu da zuwa. Ba wanda ya gyara masa fahimta, ba kuma wanda zai gyara.

Cikin tsakiyar daminar da ta wuce naƙuda ta kama matata, ta zo da gardama. Rafi ya cika har yana tumbatsa. Muka bi ta kan gadar a mota kamar ba ruwa a duniya, likita ya ce da mun ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Ranar da muka dawo da ita da jaririn, na hango Nomau da tsintsiyarsa. Na ce direba ya tsaya. Na sauka na kama hannunsa.

Na ce, "Nomau, ban san da wane baki zan gode maka ba."

Ya dubi fuskata da kyau, ya ce, "Da wannan da kake magana da shi mana. Kana da wani ne?"

Ba ni da wani. Da shi na gode masa.